Wasiƙa daga Rotterdam: hutun da ba mu bar gari ba

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙarfin jikin Inna? Allah ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan lafiya lau, sai godiya.

Kin tambaye ni wace ƙasa muka je a hotunan da na turo miki. Yaya, ko ƙofar gari ba mu fita ba, nan cikin Rotterdam ne, a ƙasar Holland. Hutun da aka ba Baban yara gajere ne, bai isa tafiya ba, shi ne muka kama ɗaki a garin da muke zaune. Na san abin da za ki ce: mutum da gidansa ya je ya biya kuɗin kwana? In dai irin manyan otal ɗin nan ne da ɗakunansu suke iri ɗaya a kowane gari, ina bayanki, gara in kwana a gadona. Mu ginin muka bi, ba gadon ba.

Inda muka sauka sunansa Hotel New York. Asalinsa hedikwatar kamfanin jiragen ruwa ne, Holland America Line, an gina shi a 1901 a bakin kogin Maas. Daga wannan gaɓar dubban ɗaruruwan mutane suka shiga jirgi zuwa Amurka neman rufin asiri, da yawansu daga gabashin Turai. Ranar 14 ga Mayu, 1940, jiragen yaƙin Jamus suka yi wa tsakiyar birnin ruwan bama-bamai, kusan komai ya ƙone, shi ya sa tsohon gini yake da wuyar gani a nan. Wannan yana tsallaken kogi, ya tsira, kuma a 1993 aka mai da shi otal. Yanzu dogayen benaye sun kewaye shi, shi kuwa yana nan da jan bulonsa da hasumiyoyinsa biyu. Ɗakunan ba su yi kama da juna ba, har ofisoshin da shugabannin kamfanin suke zama a da an sa musu gadaje.

Da na zauna a bakin taga ina kallon ruwan, wallahi sai da na yi hawaye. Waɗancan bayin Allah sun bar iyayensu ba waya, wasiƙa sai ta yi makonni a hanya, wasu kuma rabuwar ke nan har abada. Ni duk ranar da na so ina jin muryarki da ta Inna. Kullum ina hango ginin nan daga kan gada in zan tafi aiki, amma sai da na kwana a cikinsa na ji cewa garin nan ya san baƙo, ya san ciwon barin gida.

Tun daga nan, in zan nemi masauki, abin da nake fara tambaya shi ne: me ginin yake a da? Da wannan tambayar na gano sauran. Akwai wani katafaren jirgin ruwan fasinja mai sunan garin, wanda ya fara tafiya a 1959, yanzu yana ɗaure a unguwar Katendrecht, tun 2010 ake kwana a cikinsa. Akwai gidajen nan masu ruwan ɗorawa da mai zanen gine-gine Piet Blom ya zana, aka gama su a 1984, kowanne kamar akwatin da aka tsayar a kan kusurwarsa; a ɗaya daga cikin manyansu an yi masaukin matafiya mai sauƙi. A Amsterdam kuma, ƙananan ɗakunan da masu buɗe gada don jiragen ruwa su wuce suke zama a da an mayar da 28 daga cikinsu wurin kwana, kowanne shi kaɗai a kan ruwa.

Sai dai irin waɗannan wurare suna son a yi tambaya kafin a biya. Tsohon gini kan zo da matakala mai tsayi, ƙaramar taga, ko bangon da yake shigo da hayaniyar titi, ga wasu ba su karɓar ƙananan yara. Hotunan talla ba su cika nuna wannan ba, don haka na fi duba waɗanda baƙi suka ɗauka da wayoyinsu, in kuma karanta ƙorafinsu kafin yabonsu. Daga nan sai in kira su da kaina in tambayi wane ɗaki ne yake kallon ruwa, don a gini ɗaya wani ɗakin bango kawai yake kallo. Ranar Lahadi da dare ɗaki ya fi sauƙin samu, saboda masu hutun ƙarshen mako sun watse.

Yara sun dage sai jirgin ruwan nan a hutu mai zuwa, in Allah ya kai mu. Ni ma shi nake so, amma zan fara jin ko suna da ɗakin da zai ɗauke mu duka.

Ki gaishe min da Inna da Baba ƙwarai, ki ce su ci gaba da sa mu a addu'a. Ki nuna wa Inna hoton ginin, ki ba ta labarinsa. Baban yara yana gaishe ku baki ɗaya.

Taki har kullum,
ƙanwarki