Inshorar lafiya ta gwamnati: rijiya ta bayar, guga ya hana

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka.

Dan Allah ka ɗan sammin fili in amayar da abun da ya daɗe yana sosa min rai, wato maganar waye ya cancanci shiga inshorar lafiya ta gwamnati. Duk sanda aka taso da hirar nan sai ka ji ana lissafin biliyoyin da aka ware da miliyoyin da za su amfana, a tafa a watse, ba mai tsayawa ya duba ƙofar da mutum zai bi ya shiga, alhali a bakin ƙofar nan ake zubar da da yawa daga cikin waɗanda aka ce dominsu aka yi abun. Kusan kowace ƙasa rukuni uku take ambata, iyalan da ba su da ƙarfi, tsofaffi, sai manya masu naƙasa. A takarda kam ba wanda ya kai su gata.

Bari in fara da Amurka tunda mutane da yawa gani suke can komai ya ji. A 1965 shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan shirye-shirye biyu, Medicare na waɗanda suka kai shekara 65 da Medicaid na marasa ƙarfi. To shi Medicaid ɗin haɗin gwiwa ne tsakanin gwamnatin tarayya da jihohi, kowace jiha da irin nata ma'aunin, shi ya sa mutum biyu masu samu iri ɗaya da ciwo iri ɗaya sai ka ga ɗaya yana da kati ɗaya ba shi da shi, kawai don wannan yana zaune a tsallaken iyaka. Dokar lafiya ta zamanin Obama ta 2010 ta so a buɗe wa duk baligin da samunsa bai wuce kashi 138 cikin 100 na layin talauci ba, wato adadin samun da gwamnati ta yanke cewa wanda bai kai shi ba talaka ne, sai kotun ƙoli a 2012 ta ce ba za a yi wa jihohi dole ba. Jihohi 40 sun karɓa, 10 sun ƙi, ciki har da Teksas da Fulorida. A Teksas in kai baligi ne ba ka da yara, ba ka tsufa ba, ba ka da naƙasa, to ko sisi ba ka da shi ba ka cancanta ba. Abun takaicin ma shi ne tallafin sayen inshora a kasuwa sai wanda samunsa ya kai layin talauci ake ba, kenan ka yi talauci da yawa ba za a tallafa maka ba, kuma Medicaid bai san da zamanka ba. Gaba kura baya sayaki.

Shi kanshi layin talaucin akwai magana a kai. A 2024 dala 15,060 ne a shekara ga mutum ɗaya, dala 31,200 ga gida mai mutum huɗu. Duk inda aka ja layi dole a samu wanda ya haura shi da ɗan kaɗan, sai ka ga magidanci ana masa tayin ƙarin awannin aiki yana ƙi, mutane su ce rago ne, alhali lissafi yake yi, in ya karɓi ƙarin nan katin asibiti ya tafi kuma abun da aka ƙara masa bai kai kuɗin maganin hawan jini na wata ɗaya ba. Ni dai ban ga laifinsa ba wallahi, ko ni ne haka zan yi. Kuma talaka ai samunsa ba tsayayye ba ne, wannan watan ya samu, wata mai zuwa shiru, da wane watan za ka auna shi?

Amma inda abun ya fi ba ni haushi shi ne ɓangaren masu naƙasa. A yawancin jihohin Amurka hanyar da mai naƙasa marar ƙarfi yake bi ya samu Medicaid ita ce ta tallafin da ake kira SSI, kuma sharaɗinsa kada abun da ka mallaka ya wuce dala 2,000, in ma'aurata ne dala 3,000, ban da gidan da kake ciki da mota ɗaya. Wannan adadin tun 1989 yake ba a taɓa shi ba. Malam Edita ka duba fa, tun 1989! Ma'ana an ce wa mutum in kana son mu kula da lafiyarka to ka yi alkawarin ba za ka taɓa yin ajiya ba, ba za ka tara na gyaran keken guragu ba, in ɗan uwa ya rasu ya bar maka ɗan gado ma tashin hankali ne. Mutum biyu masu naƙasa in suna zaman kansu kowa na da 2,000, suna yin aure sai ya koma 3,000 su biyun, kaga kenan auren ma sai an ci tara. A 2014 an yi wata doka da ta ba su damar buɗe asusun ajiya na musamman da ba a ƙirga shi, an ɗan rage zafi, amma tsugune ba ta ƙare ba. Wanda kuma ya yi aiki ya biya haraji sannan naƙasa ta same shi kafin ya kai 65, sai ya jira wata 24 bayan ya fara karɓar kuɗin naƙasa kafin Medicare ya ɗauke shi, in ban da masu wankin ƙoda da masu wani ciwon jijiya da aka keɓe. Shekara biyu cur, ga mutumin da gwamnati da kanta ta tabbatar ba zai iya aiki ba.

Tsofaffi su ma ba su tsira ba. Medicare yana biyan asibiti da likita amma ba ya ɗaukar jinya mai tsawo, irin ta wanda ɓarin jikinsa ya shanye ko ya ruɗe yana buƙatar mai kula da shi dare da rana. Wannan sai Medicaid, shi kuma sai dukiyarka ta kusa ƙarewa, kuma ana waiwayen shekara biyar baya a ga ko ka yi kyauta da ita don ka cancanta. Bayan ka rasu jiha tana iya bin abun da ka bari ta cire kuɗinta.

Duk waɗannan sharuɗɗan shiga ne, to zama a ciki fa? Lokacin korona daga Maris 2020 an hana jihohi cire kowa daga Medicaid. Da aka ɗage hanin a Afrilu 2023 aka dawo tantancewa, sama da mutum miliyan 25 aka cire, kuma kusan kashi 70 cikin 100 ba wai an duba an ga sun yi arziki ba ne, a'a, takarda ce kawai, wasiƙa ta je tsohon adireshi, fom bai dawo a kan lokaci ba, an kira waya an gaji da jira a layi. Wasu sai da suka je karɓar magani suka ji wai katinsu ya mutu. Jihar Arkansas a 2018 ta gwada cewa sai ka riƙa shiga intanet kana ba da rahoton kana aiki, cikin 'yan watanni sama da mutum 18,000 suka faɗo kafin alƙali ya tsayar da abun a 2019, amma duk da haka a 2025 an sake yin dokar tarayya mai sharaɗin awa 80 a wata. Wanda ya fi kowa buƙatar katin nan shi ne ya fi kowa rashin ƙarfin bin layi da cike fom, makaho da kurma da tsohuwar da ba ta iya karatu ba da mai taɓin hankali, kenan kowace takarda da ka ƙara su ne farkon waɗanda za ta tankaɗe.

Kar a ce ciwon Amurka ne kawai. Gana ta kafa nata shirin a 2003 kuma ta yi ƙoƙari sosai, ta yafe kuɗin shiga ga yara 'yan ƙasa da 18 da tsofaffi daga 70 da fakirai, daga baya aka ƙara masu juna biyu. Amma a ƙa'idojin farko kafin a kira ka fakiri sai ya zama ba ka da aiki, ba ka da wata hanyar samu, ba ka ma da tsayayyen wurin kwana, yo talakawa nawa ne za su cika wannan? Talaka ai yana da inda yake kwana, kuɗin ne babu. Shekara 70 ɗin ma a ƙasar da matsakaicin tsawon rai bai kai 70 ba, mutum nawa za su jira? Indiya ta fito da nata a 2018, kuɗin Indiya rupi dubu 500 ga kowane gida a shekara, amma jerin sunayen da ta dogara da shi da farko na ƙidayar 2011 ne, wanda karayar arziki ta same shi bayan nan sai dai ya yi haƙuri. Najeriya ma dokarta ta 2022 ta ambaci yara 'yan ƙasa da biyar da masu ciki da tsofaffi da masu naƙasa da fakirai, ambato kam an yi, saura a ga wa zai rubuta sunayen.

Na san za a ce in ba a tsaurara ba masu hali za su kutsa su cinye rabon talaka. Gaskiya ne akwai masu yi, ban musa ba. Amma a sa abun a sikeli mana, mai hali ɗaya ya samu maganin suga a ɓagas, da tsoho ɗaya da aka cire bisa kuskure har suga ya ci ƙafarsa aka yanke, wanne ya fi tsada ko a aljihun gwamnatin ma? Balle mai wayon da ake tsoro shi takarda ba ta hana shi, shi ne ma ya fi kowa iya cike fom.

Abun da nake gani shi ne a juya nauyin hujja ya koma kan gwamnati. Ita ke da rajistar haihuwa da katin ɗan ƙasa da jerin masu karɓar tallafi, in mutum yana cikin jerin tallafin talakawa a sa shi kai tsaye ba sai ya sake rantsuwa cewa shi talaka ne ba. Shekaru ba sa komawa baya, wanda ya kai ya kai, Indiya ma ta gane haka a 2024 ta ce duk wanda ya kai 70 ya shigo ba ruwanta da samunsa. Wanda aka yanke wa ƙafa ba za ta tsiro ba, me ye na kiransa duk shekara ya zo ya nuna? In samun iyali ya ɗan ƙaru a riƙa janye tallafin a hankali, kar a fizge lokaci ɗaya. Tailan ma tun 2002 ta huta da wannan wahalar, duk ɗan ƙasar da ba ya cikin shirin ma'aikata yana cikin na kowa da kowa, shi ke nan.

Roƙona gare ka Malam Edita, duk ranar da wakilinka ya samu wani jami'in inshorar lafiya a gabansa, bayan ya gama faɗin adadin waɗanda suka yi rajista, a tambaye shi mutum nawa aka mayar gida, mutum nawa katinsu ya mutu ba su sabunta ba, kuma a kan wane dalili. In ya ba da amsa dan Allah ku buga mana mu gani.

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Naka,
Wani mai bibiyar jaridarku