Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekarar Karatu ta 2024/2025

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. 'Yan uwa mambobi, kwamitin zartarwa na gabatar muku da bayanin ayyukan da ƙungiyarmu ta ɗalibai 'yan gari ɗaya ta gudanar a wannan shekara, wadda kusan dukkan aikinta ya tattara ne a kan yadda ɗalibi zai riƙe karatunsa, ya sami hutu, kuma ya ci gaba da hidimar waɗanda ke buƙatarsa.

Kowa ya san halin da ake ciki. Tun bayan yajin aikin ƙungiyar malaman jami'o'i (ASUU) na 2022, wanda ya ɗauki wata takwas daga Fabrairu zuwa Oktoba, aka matse jadawalin karatu domin cike gurbin da aka rasa, hutun tsakanin zango ya ragu, gwaji yana bin gwaji. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya ƙara tsadar mota da abinci, har wasu mambobinmu suka shiga sana'ar yamma, wasu ɗinki, wasu POS, wasu koyar da yara a gidaje. Kwamiti ya taimaka wa masu buƙata wajen cike takardun neman bashin karatu na NELFUND, kuma muna roƙon waɗanda ba su nema ba su tuntuɓi ma'aji.

Aikin da ya fi ɗaukar hankalinmu shi ne jinya. A asibitocinmu, mai jinya ne ke sayo magani, ya kawo abinci, ya wanke kaya, ya bi sakamakon gwaji daga wannan sashe zuwa wancan, sannan ya kwana a kan tabarma kusa da gadon majinyaci. Idan mahaifi ko mahaifiya aka kawo daga gida, nauyin nan yakan faɗo kan ɗan da ke karatu a birni, tunda shi ya san hanya kuma shi ke jin Turancin likitoci. Mun ga 'yan uwanmu, musamman 'yan mata, suna fita daga asibiti da asuba su wuce aji ba tare da sun runtsa ba, kuma kunya ba ta barinsu su ce sun gaji. Saboda haka muka kafa tsarin karɓa-karɓa: maza su zauna da majinyata maza, mata su zauna da mata, kuma ba a yarda mutum ɗaya ya kwana biyu a jere ba. Wanda ke da jarrabawa washegari ba a sa sunansa ko da ya nace. Wannan ƙa'idar ta jawo muhawara a taro, domin wasu na ganin hana mutum aikin lada ne, amma kwamiti ya tsaya a kanta, tunda wanda bai yi barci ba yana iya rikita lokacin ba da magani, ya kuma faɗi jarrabawa. Mun tunatar da juna maganar Salmanul Farisi ga Abud Darda'i, wadda Manzon Allah (SAW) ya gaskata, cewa Ubangijinka yana da haƙƙi a kanka, kanka ma yana da haƙƙi a kanka, haka iyalinka.

A kan hutu, mun gayyaci wani likita ya yi wa mambobi bayani a ranar 10 ga Oktoba, ranar lafiyar ƙwaƙwalwa ta duniya. Ya nuna cewa baligi na buƙatar barcin aƙalla awa 7, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana abin da aka karanta, don haka kwanan aji da goro da kofi kan bar ɗalibi da karatu mai yawa da tunawa kaɗan. Ya ja kunne sosai game da shan Tramadol don ƙarin ƙarfi, ya kuma shawarci duk wanda damuwa ta hana shi ci ko barci ya ga likita ba tare da jin nauyi ba.

Azumin bana ya zo a watan Maris, cikin zafi, sai muka mayar da karatun rukuni zuwa bayan sallar asuba, muka bar tsakiyar rana don ƙailula, kuma muka riƙa haɗa buɗa-baki ga mambobin da ke jinyar marasa lafiya. Wasan ƙwallo na yammacin Asabar da ziyarar gidan marayu sun ci gaba kamar yadda aka saba, sai dai an dakatar da su a makonnin jarrabawa.

Matsalar da ta rage ita ce masu ba da sunansu a jadawalin jinya ba su da yawa, kuma kusan fuskoki ɗaya ake gani, lamarin da zai gajiyar da su idan aka ci gaba a haka. Kwamiti na ba da shawarar kowane mamba ya ɗauki dare ɗaya a kowane zango, a kuma ware wani kaso na kuɗin ƙungiya don kuɗin motar masu zuwa asibiti. Za a kaɗa ƙuri'a a kan shawarwarin biyu a babban taro mai zuwa, inda ma'aji zai karanta bayanin kuɗi. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.

Sakatare, a madadin kwamitin zartarwa.