Labarin gwauruwa mai anini biyu ba daga aya ta 41 ya fara ba

Zuwa ga Edita,

Gaisuwa mai yawa. Ina so in ja hankalin masu wa'azi a kan yadda ake koyar da sadaukarwar matan Littafi Mai Tsarki, domin abin yana damuna ƙwarai.

Yawanci idan za a tara baiko, sai a buɗe Markus 12:41 a karanta labarin gwauruwar da ta zuba anini biyu a baitulmalin Haikali. Kuɗin nata duka bai wuce kashi 1 cikin 64 na dinari ba, dinari kuwa ladan aikin yini ɗaya ne na ma'aikaci, kamar yadda Matiyu 20:2 ya nuna. Yesu ya ce ta fi kowa bayarwa, don abin da za ta ci ne ta zuba. Amma a koma aya ta 40. A nan ne ya tsawata wa malaman Attaura masu cinye gidajen gwauraye suna fakewa da doguwar addu'a. Wanda ya tsallake wannan aya ya ce wa matar da ba ta da na cefane ta kawo na hannunta duka, ya shiga sahun waɗanda aka tsawata wa.

Haka ake yi wa gwauruwar Zarefat a 1 Sarakuna 17. Garin da ya rage mata cikin hannu ɗaya ne, da ɗan mai a tulu, amma ta ciyar da annabi Iliya daga ciki. Sai dai Iliya ma yunwar yake ciki, kuma ya zauna a gidan suna cin abinci ɗaya kwanaki da yawa.

Babu wanda ya tilasta wa Maryamu ta Betanya. Man ƙanshi na nardi da ta zuba a ƙafafun Yesu ya kai wajen giram 330, kuɗinsa dinari 300, kusan ladan shekara guda. Wanda ya tsaya lissafin kuɗin Yahuza ne, shi da Yahaya 12:6 ya ce yana satar abin da ke jakar kuɗin almajirai. Hannatu ma da bakinta ta yi wa'adin ba Allah ɗanta. Ba ta kai ɗan nata Sama'ila ɗakin Ubangiji a Shilo ba sai da ta yaye shi, da yardar mijinta Elkana, kowace shekara kuma tana ɗinka masa 'yar riga ta kai masa.

Roƙona ga masu wa'azi shi ne su fara karatu daga Markus 12:38, su haɗa da 2 Korintiyawa 8:12 da 9:7, inda Bulus ya ce a bayar gwargwadon abin da ake da shi, ba da tilas ba. Kafin a yi kiran baiko kuma, dattawa su duba ko gwaurayen ikilisiya suna samun rabonsu. A Ayyukan Manzanni 6 sai da aka zaɓi mutum 7 domin wannan aiki kaɗai.

Na gode.
Mai karatunku