Kafin ka tafi Onne

Ɗana,

Bayan gaisuwa. A bakin ƙanwarka na ji cewa sunanka ya fito, makon gobe za ka wuce Onne, makarantar horar da kuratan sojan ruwa a Jihar Ribas. Kwana uku ina jiran ka buɗe baki, ka ƙi. To ga takarda.

Ka san hoton nan na ɗakin Inna, mai farar hula. Baffanka bai kai shekarunka ba lokacin da aka ɗauke shi. Ƙaramin soja ne, ko igiya ɗaya bai samu ba. Lokacin yaƙin basasa, a watan Yulin 1967 jiragen ruwa suka sauke sojoji a Bonny, a Oktoba kuma Kalaba. A tsakanin nan wasiƙunsa suka yanke. Daga baya wani abokin aikinsa ya zo gidanmu na Tudun Wada da jakarsa: riga biyu, reza da carbi. Ya ce ruwa ya tafi da shi. Sallar ga'ib aka yi a ƙofar gida, ba makara, ba likkafani. Har Inna ta koma ga Allah, in aka ƙwanƙwasa ƙofa da dare sai ta tashi zaune.

Mutuwa rigar kowa ce, na sani, ko a kan gado tana zuwa. Rashin kabari ne ke hana ni barci. In rasa ka, in kuma rasa inda zan tsuguna in yi maka addu'a? Duk 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru don mazan jiya, Allah ya saka. Amma titunan Kaduna sunayen manya suke ɗauke da su. Mai kiran sunan baffanka bayan sallah, ni kaɗai na rage.

Kana ganin tsoro ya yi mini yawa. Dukan da na yi maka ranar da na tsamo ka a kogi wajen Kabala, har yau ka riƙe shi a rai, ba ka taɓa tambayar dalili ba. Shi ya sa ka ɓoye mini? Wannan rashin kunya ce, ni na haife ka.

Ban hana ka ba. Aikin halal ne, kuma wani ya zama dole ya yi shi. Ka riƙe sallah, kada ka hau ruwa ba rigar kariya ko da za a yi maka dariya. Ka zo ranar Juma'a ka ci tuwo, mahaifiyarka ta gan ka da kyau. Carbin baffanka yana cikin akwatina, zan ba ka.

Mahaifinka.