Gorar Ado a Cikin Gida: Gishiri da Baƙin Mai Ba Magani Ba Ne

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana a kan gorar da ake dasawa a gidaje don ado, wadda bayan 'yan shekaru takan zame wa maigida alaƙaƙai. Ba gwangwala nake nufi ba, domin ita daga jikin tukurwa ake samunta, ko da yake mutane da yawa suna haɗa su wuri guda.

Shekara shida da suka wuce na sayi dashe uku na gorar nan mai ruwan ɗorawa da ratsin kore a wajen masu sayar da furanni a bakin titi a nan Kaduna, na jera su a jikin katanga. Kafin in ankara ta zarce rufin gida, ganyenta ya toshe indararo da kwata, ɗan zogalen da uwargida ta shuka a kusa ya ƙi yin gaba, gindinta kuma ya cika ya fara tura katangar da ta raba ni da maƙwabcina. Ranar da ya yi mini sallama ya nuna mini tsagar da ta bayyana ta ɓangarensa, cikin mutunci ƙwarai, na san cewa lokacin rabuwa da ita ya yi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne irin shawarwarin da aka yi ta ba ni. Wani ya ce in zuba buhun gishiri, wani ya ce baƙin mai, wani kuma ya ce in tara shara in cinna mata wuta. Duk na ƙi. Gishiri yana lalata ƙasa har a daɗe ba a shuka komai a wurin ba, baƙin mai yana iya tsiyaya ya kai ga rijiya, wuta kuwa saman kawai take ci, ga shi iskar da ke cikin gaɓoɓin gora takan sa ta riƙa fashewa tana watsa tartsatsi a tsakiyar gidaje.

Gora ba itace ba ce, 'yar'uwar rake da dawa ce a dangin ciyayi, kuma ranta yana cikin wata saiwa mai kauri da ke kwance a ƙarƙashin ƙasa, mai idanu kamar na rake, inda take tara abinci. Saboda haka wanda ya sare ta da adda ya tafi aski kawai ya yi mata, da saukar ruwan farko sabon toho zai ɓullo, ya kai cikakken tsayinsa a damina guda. Sa'armu ita ce, wannan ta ado da masana ke kira Bambusa vulgaris, wadda asalinta daga Asiya ne kuma takan haura mita 10, da gorarmu ta daji, duk a dunƙule suke girma. Akwai wata iri da ta fito daga ƙasar Sin mai miƙa saiwa nesa ta ɓulla a gidan maƙwabci, ita ce take wahalar da masu lambu a Ingila da Amurka.

Ga yadda muka yi da tawa. A ƙarshen rani muka sare sandunan daga ƙasa, na sayar wa masu gini da suke tokare katakon zuba kankaren bene da su, kuɗin ya rage mini ladan leburori. Muka jira ruwa ya sauka sau biyu ƙasa ta yi laushi, sannan aka haƙa rami kewaye da kowane gindi da diga, aka riƙa farfasa kututturen da gatari ana ciro shi gunduwa-gunduwa. Saiwar ba ta yi zurfi ba, yawancinta ba ta wuce rabin mita ba, amma taurinta sai wanda ya gwada. Siraran jijiyoyin ba sa tohowa, ba sai an wahala a kansu ba. Abin da ake farauta shi ne duk guntun da yake da ido. Mun shanya abin da muka ciro a kan siminti har ya bushe, domin ita wannan gora ko ɗanyen yankinta aka jefar a wuri mai danshi tana iya kamawa.

Wanda ba shi da halin haƙa yana iya kashe ta da yunwa, wato ya bar toho ya tashi, da ya fara buɗe ganye sai ya sare, ya yi ta maimaitawa har abincin saiwar ya ƙare, sai dai wannan yakan ci damina biyu ko uku. Mai son maganin kashe ciyawa kuwa ya nemi mai ɗauke da lambar NAFDAC, ya sa safar hannu, ya shafa shi a bakin sara nan take maimakon feshi, ya kuma nisantar da yara da awaki.

Ina kira ga masu sayar da dashe su riƙa faɗa wa mai saye girman da wannan tsiro yake kaiwa, su hana shi dasa shi kusa da katanga, sokawe ko bututun ruwa. Wanda ransa ya biya sai ya dasa a cikin rabin duro. A daminar bana toho biyu kacal suka fito a wurin tawa, na bi kowanne da dagi na ciro guntun saiwar da ya saura.

Naka,
Wani mai karatu daga Kaduna