A Tambayi Tsofaffi Ciwon Da Ke Cikin Dangi Tun Suna Raye

Assalamu alaikum Edita,

Ina roƙon ɗan fili a jaridarku in faɗi abin da ya same mu a gida, domin na tabbata ba mu kaɗai ba ne.

Mahaifina ya rasu yana da shekara 58. A ƙofar masallaci ya faɗi bayan sallar La'asar, ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace. Kwana tara ya yi ba ya magana, sannan Allah ya karɓi abinsa. A wurin zaman makoki kowa ya ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma a cikin kwanakin nan ne Goggo, ƙanwarsa, ta kama hannuna a tsakar gida ta ce, "Ɗan nan, ai haka kakanku ya tafi, haka Baffanku babba ma." Shekarata 38 a lokacin, ban taɓa jin wannan magana ba. Na san sunan kakana, na san garin da ya taso, na san iyakar gonarsa, amma abin da ya kwantar da shi ba wanda ya taɓa gaya mini.

Bayan mako biyu na je aka auna jinina, ya nuna 168 bisa 104. Ba ciwon kai nake yi ba, ba jiri, ina zuwa aikina lafiya lau. Likita ya ce daga 140 bisa 90 an shiga hawan jini, kuma yakan yi shekaru yana cin zuciya da ƙoda da jijiyoyin ƙwaƙwalwa mutum bai sani ba. Tambayarsa ta farko ita ce ko akwai mai irinsa a gidanmu. Da a ce wata ɗaya kafin nan ya tambaye ni, da "babu" zan ce masa da zuciya ɗaya.

Nan ne damuwata take, Edita. Mu mutane ne masu binciken asali idan za a yi aure, a tambayi uba da kaka da halin gida. Amma ciwo ɓoye shi muke yi. Sai a ce "iska ce ta buge shi", ko "ya ɗan yi jinya", shi ke nan. Wasu kunya ce, wasu kuma tsoro suke yi kada a ce gidansu na masu ciwo ne a guje wa 'ya'yansu mata. Na fahimci wannan tsoron, ni ma ina da 'ya'ya mata, sai dai ɓoyewar ba ta raba yaro da abin da ya gada.

A kan sikila an fara farkawa. Ana ƙiyasta cewa jarirai kusan 150,000 ake haifa da ita a Najeriya duk shekara, kuma idan mai rukunin jini AS, wato mai ɗauke da gadon sikila amma ba ya ciwon, ya auri mai AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, wato mai ciwon sikila. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure, wadda ta haɗa da gwajin rukunin jini na sikila da ciwon hanta da ƙanjamau. Wannan abin yabo ne, musamman a wurinmu da auren zumunci ya yawaita. Amma takardar gwajin nan ba za ta gaya wa ango cewa kakansa da baffansa hawan jini ne ya kayar da su ba. Haka ciwon suga, da hawan jinin ido mai makantarwa a hankali, da sankarar mama, duk suna bin dangi. Labarinsu yana bakin tsofaffinmu, su kuwa kullum raguwa suke yi.

Ni dai littafin rubutu na 'yan makaranta na saya, na tafi wurin Goggo da goronta. Abu uku nake tambaya a kan kowa: wane ne, wane ciwo, yana da shekara nawa ya fara. Shekarun suna da muhimmanci, domin ciwon da ya kama mutum da ƙuruciyarsa ya fi nuna gado. Da na koma ɓangaren Inna sai na tarar da suga: yayarta an yanke mata yatsun ƙafa biyu, mu muna yara aka ce mana ƙaya ce ta taka. Yanzu duk shekara ina gwajin suga da safe kafin in ci komai, ina shan maganin jinina kullum, an rage gishiri da magi a tukunyarmu, lemon kwalba kuma na bar shi.

Roƙona gare ku shi ne ku riƙa tuna wa masu karatu wannan idan Sallah ta ƙarato, lokacin da dangi ke haɗuwa wuri ɗaya, ku kuma nemi limamai su taɓo shi a huɗuba. Mu bakwai ne a wurin mahaifinmu, mu biyar mun auna, biyu cikinmu an same mu da hawan jini. Saura ƙannena biyu da ke cewa lafiyarsu ƙalau, kuma na yi wa Goggo alkawarin ranar Asabar da kaina zan kai su.

Wassalam,
Mai karanta jaridarku daga Zariya