Zuwa ga Maman 'Yan Biyu, a Agege

Kano,
daren Lahadi.

Aminiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ya ƙarfin jiki? Ya Alhaji da yara, ya ruwan Legas? Allah Ya sa kaffara ne, Ya ba ki lafiya mai ɗorewa.

Yaya Babba ta shigo jiya bayan la'asar ta faɗa mini komai, har ta nuna mini hoton takardun asibitin da kika tura mata, na sankarar mamar da aka gano miki. Ban ji daɗin a ce a bakinta na ji ba, amma wannan shari'ar na ajiye ta sai kin miƙe. Ta ce kin ce a tambaye ni, tunda aikin asibiti nake yi, ko za ki iya zuwa bikin autar Kawu. Ke dai ba kya canzawa, ana maganar asibiti kina maganar anko. Zan zo kan bikin, amma bari mu fara da takardun.

Na ga ƙarin santimita 4 ne a mama ta hagu, kaluluwar hammata ta tashi, hoton ƙirji da na ciki kuma ba su nuna komai ba. Wannan na ƙarshen ki gode wa Allah a kansa, domin yana nufin magani za a yi da niyyar a raba ki da ciwon gaba ɗaya. Abin da ban gani ba shi ne sakamakon gwajin nan mai suna uku, ER da PR da HER2. Ki tambayi likitanki ranar da za ki koma. Ba sai an sake yanka ki ba, ɗan naman da aka ɗiba yana nan a ajiye cikin kaki a ɗakin gwaji, da shi ake yi. Idan ER ya nuna akwai, to sankarar tana cin abinci ne daga sinadarin jikin mace, kuma bayan an gama komai za a ɗora ki a kan ƙwayar tamoksifen, miligiram 20 kullum, shekara 5 zuwa 10. Idan HER2 ne ya nuna, akwai allurar tirastuzumab da ake yi duk mako uku har shekara guda, tana da tsada ƙwarai, gara Alhaji ya sani tun yanzu ya fara lissafi. Kafin a fara kemo kuma, wato maganin sankarar da ake sa wa ta jijiya, dole a yi miki hoton zuciya, saboda ɗaya daga cikin magungunan, jan nan mai suna doksorubisin, yana iya taɓa ta.

Tsarin da suka rubuta miki shi ne wanda aka saba: zagaye 8, kwana 21 tsakanin kowanne, kusan wata shida ke nan, sannan tiyata. Huɗun farko doksorubisin ne da siklofosfamid, huɗun ƙarshe dosetaksel ko ɗan'uwansa. Doksorubisin ja ne jawur, kuma fitsarinki zai yi ja kwana ɗaya ko biyu, kada ki tsorata, ba jini ba ne. A hannun dama za a sa miki ruwan tunda ciwon a hagu yake. In kika ji zafi ko raɗaɗi a wurin allurar yayin da maganin ke shiga, ki yi magana nan take, kada ki yi kawaicin nan naki. In ya zube a ƙarƙashin fata yana cin nama, gyambon da yake bari ya fi ƙarfin wata guda. Ki sha ruwa lita 2 zuwa 3 a ranar da washegari, kada ki riƙe fitsari, domin siklofosfamid yana ƙona mafitsara in ya daɗe a ciki.

Maganin amai ana shan sa ne kafin aman ya zo. Mata da yawa sai sun fara kelaya suke neman ondansetiron, a lokacin kuwa ba ya zama a ciki. Ki sha a kan sa'o'in da aka rubuta, kwana ukun farko, ko kina jin garau. Yana ɗaure ciki, don haka gwanda da miyar kuɓewa da ruwa su zama abokanki. Deksametason kuma, wanda ake haɗawa da maganin aman, yana hana barci, yana ɗaga suga, da safe ya fi dacewa a sha shi. Bakinki zai iya yin gyambo wajen mako na biyu. Ki zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri da ɗaya na bakin soda a lita ɗaya ta tafasasshen ruwa da ya huce, ki riƙa kurkurewa sau huɗu ko biyar a rana. Burushi mai laushi irin na yara, aswaki mai tauri ki jingine shi tukuna. Yaji ma haka, na san wannan ya fi miki zafi a kan allurar.

Gashin kai zai fara zuba tsakanin mako na biyu da na uku bayan zagayen farko. Ki tsefe kitson tun yanzu ki rage shi da almakashi, ya fi sauƙi a zuciya da ki wayi gari ki gan shi a kan matashi. Yana dawowa bayan an gama, sau da yawa ma da laushi. Ke da kullum kina cikin ɗankwali da hijabi, ban da Alhaji wa zai gani? Shi kuwa da sanƙon da yake fama da shi tun kafin a haifi 'yan biyu ba shi da bakin magana.

Yanzu abin da nake so ki karanta sau biyu, ki kuma karanta wa Alhaji. Daga kwana na 7 zuwa na 14 bayan kowane zagaye, fararen ƙwayoyin jinin da ke kare jiki suna faɗuwa ƙasa. A wannan tsakanin ƙwayar cutar da da ba za ta sa ki ko atishawa ba tana iya shiga jini ta kwantar da mutum cikin sa'o'i. Ki sayi ma'aunin zafin jiki na batir ki ajiye kusa da gado. In ya kai 38, ko kina rawar sanyi ko da bai kai ba, asibiti kai tsaye, ko ƙarfe biyun dare ne. Kada a fara da farasitamol a ce bari a gani zuwa safe, yana rufe zazzaɓin ne ya bar cutar tana aiki. Kada kuma a tsaya kyamis a ce maleriya ce. Zai iya zama maleriyar, za a gwada a can, amma kalmar farko da za ki faɗa a ƙofar ɗakin gaggawa ita ce kemo kike karɓa, ga ranar da aka yi miki na ƙarshe. Wannan ke sa su ɗebi jini su sa maganin kashe ƙwayoyin cuta ta jijiya ba tare da jinkiri ba. Da cunkoson Legas, ku san tun yau wane asibiti ne mafi kusa da Agege da zai karɓe ki da dare. Gidan sauro kuma kowane dare.

To ga amsar bikinki a nan. Ki ɗauko kalanda ki ƙirga. In ya faɗo a mako na biyu, ki manta da shi, za mu tura miki hotuna da kayan gara. In mako na uku ne, kuma gwajin jini ya yi kyau, likita ya yarda, ki zo ta jirgi ki yi kwana biyu, ban yarda da kwana a motar dare ba. Abin da ba za a yi ba shi ne a ɗaga ranar kemo saboda biki. Angon ma, in kin ji, ɗan gidan mai goro ne na bakin kasuwa, wanda kika taɓa kora da muciya. Yanzu ya zama mutum, har da shago biyu a Kantin Kwari, Kawu sai washe baki yake.

Damuwata ta gaskiya ita ce Gwaggo. Yaya ta ce tun da ta ji labari take cewa ciwon daji ba ya son ƙarfe, in aka taɓa shi da allura ko wuƙa sai ya bazu, har ta fara neman wanda zai kawo miki sassaƙe da na shafawa. Don ƙauna take yi, kada ki yi mata tsawa. Amma ki san inda wannan magana ta samo asali. Matanmu da yawa sai ciwon ya shekara, ya fashe, ya riga ya kai huhu ko ƙashi suke zuwa asibiti. In aka yi aiki suka rasu sai a ce wuƙa ce, alhali tafiyar ta yi nisa kafin a zo. Ke ba a nan kike ba. Kada ki bari a shafa komai a kan mamar, kada wanzami ya tsaga ko ya yi ƙaho. Jiƙe-jiƙe kuma hanta da ƙoda ne ke tace su, su ne kuma ke tace kemo, in suka gaji gwajin jini zai lalace a ɗage miki zagaye. Addu'a da tofi da sadaka da karatun Alƙur'ani, waɗannan ki ce wa Gwaggo ta ninka, mu ma muna yi.

Jarabawar da ta fi ta Gwaggo za ta zo ne wajen zagaye na uku. Za ki shafa ki ji ƙarin ya motse, wataƙila ma ki neme shi ki rasa. A daidai lokacin jiki ya gaji, kuɗi sun ja baya, sai zuciya ta ce ai an warke. A nan muke rasa mata a ɗakin jinya, su ɓace wata takwas su dawo da abin da ya fi na farko, kuma a lokacin maganin da ya yi aiki da ba lalle ya sake yi ba. Kamar ciyawa ce da aka sare kanta aka bar saiwar. Ƙanƙancewar ƙari alama ce magani na ci, ba alamar a tsaya ba. Kuma ko ya ɓace ɗungurungum, tiyata tana nan. Kwana ɗaya ko biyu kafin kowane zagaye za a gwada jininki, in ƙwayoyin kariya ba su kai 1,500 ba za a iya ɗagawa da mako guda ko a yi miki allurar da ke tayar da su. Wannan ɗagawar likita ce, daban take da ta ganin dama.

Batun kuɗi, ku je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibitin ku tambayi asusun tallafin masu ciwon daji na gwamnatin tarayya, wanda ya shafi sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza. Da asibitoci shida ya fara, ciki har da na Shika a Zariya da na Ƙasa a Abuja da na Ibadan. Magani kuma a kantin asibiti za ku saya, ko inda likita ya amince, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Wasunsu a firji suke zama, tsakanin digiri 2 da 8. Kada Alhaji ya yarda da wani ɗan kasuwa da zai ce yana da mai araha a jaka. Na san shi da son ragi, amma wannan ba kwandon tumatir ba ne a Mile 12.

Ci kuwa, ki ci kaɗan kaɗan sau shida maimakon uku: kunun gyaɗa, alale, wake, ƙwai da ya dahu sosai, kifi, farfesun kaza. Ruwan citta yana kwantar da tashin zuciya. Nonon da ba a dafa ba, da kwaɗon ɗanyen ganye, da tsiren da ya wuni a tire, a bar su sai an gama. Masu cewa a daina nama da suga don a kashe ciwon da yunwa, ke za su ramar, ba shi ba. In azumi ya riske ki a tsakiya, ayar Baƙara ta yi wa mara lafiya rangwame, ki sha ki rama daga baya. Al'ada tana iya ɗaukewa, amma hakan bai hana ɗaukar ciki ba, ciki kuwa a kan kemo haɗari ne ga jariri. Ku nemi tsarin iyali marar sinadari, ki faɗa wa likita ba kunya. Ciwon ba ya yaɗuwa, ki rungumi yaranki ku ci a kwano ɗaya. Ban ɗaki dai a kora ruwa sosai kwana biyun farko.

Bayan tiyata za a bar miki 'yar roba mai zuƙe ruwa mako ɗaya ko biyu, ana cire ta in abin da ke fita ya koma ƙasa da mililita 30 a rana. Motsa kafaɗar da za a koya miki, na hawa bango da yatsu, kada ki yi wasa da shi, in ba haka ba hannun zai ƙage har ɗaura ɗankwali ya gagara. Wannan hannun ki kiyaye shi daga yanka da ƙuna da matsattsen awarwaro, in ya fara kumbura ki nuna da wuri. Sai gashin na'ura, wato haska wurin da na'ura don kashe ragowar ciwon, zama 15 zuwa 25, Litinin zuwa Juma'a, kowanne 'yan mintoci, ba ya zafi a lokacin. Kin yi sa'a akwai cibiyar da ke yin sa da aka buɗe a Idi-Araba cikin Legas a 2019. Ku nemi layi tun kina zagaye na shida, domin na'urorin ƙasar nan kaɗan ne, masu jira da yawa.

Wani abu kuma da ba a cika faɗa ba. Ranar da aka gama komai, likita ba zai ce miki kin rabu da shi har abada ba, zai ce ba mu ga komai ba, ki dawo bayan wata uku. Haka za a yi ta yi duk wata uku zuwa shida a shekarun farko, da hoton mama sau ɗaya a shekara. Mata da yawa a lokacin ne tsoro ke kama su, kowa ya watse yana murna, su kuwa ko ciwon kai suka ji sai gabansu ya faɗi. Ƙa'idar da za ki riƙe mai sauƙi ce: ciwon ƙashi, ko tari, ko ciwon kai da ya wuce mako biyu bai sauka ba, ko sabon ƙullutu, a je a duba. Wanda ya zo ya tafi cikin kwana uku, na kowa ne. In kuma dare ya yi miki tsawo ki kira ni, ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Af, 'yan biyu sun cika goma ko? A Oktoban 2023 aka fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa kyauta, allura ɗaya ce, ki sa Alhaji ya kai su asibitin sha-ka-tafi. Maƙwabciyarku ta da, mai awara, ta sauka ranar Talata, namiji, suna jibi. Inna ta daka miki kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, za mu ba direban Alhaji in ya juyo da motar albasa.

Ki turo mini hoton sakamakon ER da HER2 da zarar ya fito, da ranar zagayen farko, in rubuta a kalandata. Ki gaida Alhaji, ki shafa mini kan yara.

Taki har kullum,
Aminiyarki.